Wurin da Matan Shungini Suka Ɓoye

Mufeeda ta makara da minti goma, domin bas ɗin da ta hau daga Peckham ya tsaya cak a kan gadar Waterloo a tsakiyar London. Ta shiga zauren taron na Aldwych tana haki, ta sami kujera a layin baya kusa da teburin shayi. An riga an rage fitilu. A kan dandamali Dakta Zailani ne tsaye, cikin kwat mai ruwan toka da hula zanna, yana Turanci a hankali irin na wanda ya saba a saurare shi. Aminin mahaifinta ne tun suna makarantar horon malamai. Shi ya ɗauko ta a Heathrow shekara huɗu da suka wuce, kuma tun ranar take kiransa Baba.

Shi ya gayyace ta. "Ki zo ki ga abin da ƙungiyarmu ta shirya wa mutanenki," ya ce mata a waya. Mutanenta, wato matan Shungini, wani ɗan tsibiri a gaɓar gabashin Afirka inda ta yi wata goma sha huɗu tana binciken digirinta na uku.

Hoton farko da ya fito a allon ya sa ta murmushi. Bi Mwajuma ce, tsohuwar da ta sauke ta a gidanta, tsaye cikin ruwa iya gwiwa da sandarta a hannu. Mufeeda ce ta ɗauki hoton. Tana cikin tunanin yadda aka yi ya zo nan, sai Dakta Zailani ya danna, hoto na biyu ya fito.

Taswira ce. An yi mata fenti shuɗi da kore, an sa tambarin ƙungiya a kusurwa, amma Mufeeda ta gane ta kamar yadda take gane rubutun hannunta. Ga layin mashigin ruwan nan da ya karkace a tsakiya, inda bironta ya zame lokacin da igiyar ruwa ta girgiza kwalekwale. Ko karkacewar ba su gyara ba. A ƙarshen layin ga jan ɗigo, a ƙarƙashinsa ga lambobin wurin daki-daki, waɗanda duk mai waya da jirgi zai bi su har kan wurin.



Mu a wuyan mata muka san murjani. A cikin teku kuwa halitta ce mai rai, ƙanana ƙwarai, masu gina duwatsu a hankali tsawon ɗaruruwan shekaru, kifi ya zo ya yi gida a cikinsu. Idan duwatsun suka mutu, kifi ya watse, gari ya shiga yunwa. Matan Shungini ba su jira wani ya zo da jirgin sama ya gaya musu haka ba. Kowace shekara sukan kafa sanduna da ganyen kwakwa a kan filin murjanin, su rufe shi wata uku, ba mai taka shi. Ranar buɗewa gari duka ya fita, a kamo pweza, wata halittar ruwa mai hannu takwas, wadda da ita matan ke ciyar da gidajensu. Wanda ya saci shiga kafin lokaci, ba 'yan sanda ake kira masa ba. Matan gari ne ke daina amsa gaisuwarsa, har sai ya zo ya durƙusa.

Bayan wannan akwai wani abu da tsofaffi mata bakwai kawai suka sani. A bakin wani mashigi, sau biyu a shekara idan wata ya cika, manyan kifaye kan taru ɗaruruwa su zuba ƙwai. Daga nan kifin tsibirin duka yake fitowa. Ko mazajensu ba su taɓa nuna wa wurin ba, don sun san namiji ɗaya ya ishi labarin ya kai kasuwar babban gari. Abin da suke yi shi ne su ja sandunan rufewa su haɗa har da mashigin, ba tare da sun ce don me ba.

Sai da Mufeeda ta yi wata goma a garin, ta iya Swahili, ta yi jinyar zazzaɓi a kan tabarmar Bi Mwajuma, ta ba su labarin yadda Sarkin Ruwa a Yawuri yake hana kamun kifi a wasu gurabun kogi har lokaci ya yi, sannan tsohuwar ta tashe ta wata asuba ta sa ta a kwalekwale. Kafin su tashi ta kama hannunta ta ce, "Ki rubuta don ki fahimta. Amma wurin, daga idonki sai cikinki." Mufeeda ta rantse da Allah. Ta kuma sa hannu a takardar jami'a cewa za ta cire duk abin da zai nuna wurin kafin kowa ya ga aikin.

Yanzu ga wurin nan a allo mai faɗin bango, gaban mutum ɗari da wani abu, wasu har suna ɗaga waya suna ɗauka.

Dakta Zailani yana bayani. Za a mai da yankin duka wurin kariya na dindindin, ba wata uku ba, har abada, ciki har da filin da matan ke kamun pweza. Za a sa masu gadi da jirgi mai inji. Wani kamfanin masu nutso zai riƙa kawo 'yan yawon buɗe ido su kalli taron kifayen. Ma'aikatar kamun kifi ta ƙasar za ta sa hannu nan da kwana goma sha biyu. Sunan shirin kuwa, da manyan baƙaƙe a saman hoton Bi Mwajuma: kariya a ƙarƙashin jagorancin al'umma.

Aka yi tafi. Wata Baturiya a gefen Mufeeda ta juyo ta ce mata abin ya burge ta ƙwarai.

Ta jira har mutane suka ragu a kansa, sannan ta ƙarasa. Ƙafafunta suka rusuna da kansu, bakinta ya ce, "Baba, ina wuni," kafin ta iya hana shi. Wannan ma ya ba ta haushi.

"A'a, Dakta Mufeeda! Kin ga aikinki ya yi rana?"

"Baba, taswirar nan daga ina?"

"Daga ina kuwa? Sunanki na nan a shafin godiya, ki duba."

"Amana ce, Baba. Ba a ba ni don a nuna ba."

Ya dubi hagu da dama, murmushin bai bar fuskarsa ba. "Nan ba wurin wannan maganar ba ne. Ki zo gida ranar Lahadi, Antinki za ta yi tuwo." Ya juya ya miƙa wa wani hannu.

A bas ɗin komawa ta zauna a sama, ta jingina goshi da taga, tana bin kuskurenta daki-daki. Wata biyu da suka wuce, da ta gama rubuta kundin, ta kira Abbanta a Yawuri ta yi masa albishir. Ya ce, "Kafin ki miƙa wa Turawa, ki kai wa Babanki Zailani ya sa masa albarka. Shi ne ni a can." Kwafi biyu gare ta a kwamfuta: cikakke mai taswira da lambobi, da wanda ta yanke domin jami'a. Ta tsaya a gaban na'urar buga takardu tana tunani, sai ta ga ba tarbiyya ba ce a kai wa babba abu gutsure, kamar ba a yarda da shi ba. Ta buga cikakken, ta sa aka yi masa bango, ta haɗa da turare da dabino ta kai gidansa a Barking. Ya ɗora hannu a kai ya yi addu'a mai tsawo har ta yi ƙwalla. Ya ce ta bar masa ya duba. Wa zai tsaya a kan uba ya ce a ba shi kayansa? Ta bar shi.

Adiza ta tarar a kicin tana soya albasa. Adiza 'yar unguwar Nima ce ta Accra, tana aiki a wani shagon kifi a Rye Lane, su biyu suke haya a flat ɗin. Hausarta ba ruwanta da mace ko namiji, kowa "kai" ne a wurinta.

"Kai, wa ya mutu? Fuskanka kaman kifin jiya."

Mufeeda ta ba ta labari tana tsaye, ko jaka ba ta ajiye ba.

Adiza ta kashe wuta. "Tsaya. Kai ka ɗauki sirrin mutane, ka yi mishi binding, ka sa turare, ka hau train ka kai mishi har gida?"

"Albarka na je nema."

"To ka samu. Ga shi ya cika bango." Ta ga idon Mufeeda ya kawo ruwa, sai ta sassauta. "Yi haƙuri, chale. Amma ku 'yan Nijeriya da Baba, Baba. Mu a zango, tsoho in ya ci kayanka, a gaban masallaci za ka gaya mishi."

"Aminin Abbana ne, Adiza."

"Tsohuwan can fa? Shi ba uwan kowa ba ne?"

Ranar Lahadi ta hau jirgin District line zuwa Barking. Zarah, autar gidan, ta buɗe mata ƙofa, ta amsa sallamarta da "Hi, Aunty, Dad's in the front room," ta haye sama. Anti Sakinatu ta rungume ta, ta ce ta rame, ta jera mata tuwon shinkafa da miyar kuka. Mufeeda ta kai loma biyu ta ajiye cokali. Kundinta yana nan a kan kanta kusa da talabijin, an lilliƙa masa ƙananan takardu masu launin rawaya a gefe.

Dakta Zailani ya wanke hannu ya gyara zama. "To, ina jin ki."

"Baba, ku janye taswirar. Ku rubuta wa ma'aikatar ku ce ba da izini aka samo ta ba."

"Mufeeda, shekara ashirin da shida ina wannan aikin. Na ga wuraren da suka fi Shungini kyau, na koma bayan shekara biyar na tarar da farin dutse kamar ƙashi. Ruwa yana ɗumama. Masu kamun kifi da nakiya suna matsowa daga kudu. Tsofaffi bakwai da ganyen kwakwa ne za su tare jirgin mai nakiya? Ƙaramarsu shekararta nawa?"

"Sittin da biyu."

"To kin gani. Ranar da suka mutu fa? Doka ce ke tsare wuri, ba sirri ba."

"Babi na biyar, Baba, na ga kun liƙa masa takarda, kun karanta. Murjani mai rai a wurin matan ya ninka na gandun gwamnati da ke kusa da su sau uku. Can akwai doka, akwai masu gadi, akwai allo da Turanci. Masu gadin ne ke sayar da izinin shiga. Matan nan sun tsare wurinsu tun kafin a haife ku, ku kuma kun zo za ku kore su daga cikinsa, kun sa hotonsu a gaba."

"An yi consultation."

"Da wa?"

"Da shugaban ƙauye da kwamitinsa."

"Maza tara. Ba ɗaya a cikinsu da ya taɓa kama pweza. Ko sun san akwai mashigin? Ku kuka gaya musu?"

Anti Sakinatu ta tattara kwanuka ta fita a hankali.

"Za a ɗauki samari biyar aiki," ya ce. "Za a gyara makaranta. Kuma shirin yana buƙatar mai kula da ɓangaren kimiyya. Na riga na ba da sunanki. Kina gama viva, kin kare kundinki, ofis na jiranki, ba ruwanki da wahalar visa."

Da ma an riga an yanka mata nata kason, an ajiye mata, ana jira ta zo ta yi godiya.

"Baba, da kuka ga taswirar, kun ga abin da na rubuta a ƙasanta da jan biro? Na rubuta cewa ba za a nuna wa kowa ba."

"Na gani."

"Me ya sa ba ku kira ni ba?"

"Don na san za ki ce a'a." Ya faɗe shi kai tsaye, ba kunya ba fushi. "Ke yarinya ce, zuciya ke jan ki. Nan da shekara goma za ki gode mini."

Ta miƙe. Ta ɗauki kundinta daga kan kantar ta rungume shi a ƙirji. Bai hana ta ba, ai ya gama da shi. A bakin ƙofa Anti Sakinatu ta cusa mata roba cike da tuwo a jaka, tana raɗa, "Ki bi a hankali, 'yata. Zumunci ne tsakaninku."

Washegari da safe, tana shirin fita, Abba ya kira. Ko gaisuwa bai bari ta gama ba.

"Zailani ya ce kin je gidansa kin ɗaga masa murya gaban iyalinsa."

"Abba, amanar mutane ya ɗauka ya..."

"Ni na ce ki kai masa. In akwai laifi nawa ne. Mutumin nan shi ya saya miki rigar sanyi ta farko. Shi ya tsaya a asibiti da aka yi miki aikin appendix, ni ina nan ban san halin da kike ciki ba. Yanzu saboda kifin wasu mutane da ko sunan garinsu ban iya faɗa ba za ki ɓata mini abotar shekara arba'in?"

"Na rantse musu da Allah, Abba."

Ta ji kukan akuya a bayansa, da muryar wata mai tallar koko. Ta ɗauka wannan zai tsayar da shi, domin shi ne mutumin da ya taɓa dukan yayanta saboda rantsuwar wasa.

"Ki yi kaffara," ya ce. "Ki ciyar da miskinai goma. Sannan ki je ki ba Babanki haƙuri."

Ta riƙe wayar a kunne bayan ya kashe. Haka muke, ta ce a ranta. Babba ya yi ɓarna, a tura ƙarami ya ba da haƙuri, a ci tuwo a tashi, a ce an sasanta. Waɗanda aka cuta kuwa suna can nesa, ba su da lambar wayar kowa.

Da rana ta je ofishin Farfesar da ke duba aikinta, wata doguwar 'yar Scotland da ba ta iya kwana-kwana ba. Farfesa ta saurare ta har ƙarshe, ta cire tabarau ta murza ido.

Hanya ɗaya ce, in ji ta. Gidauniyar da ke ɗaukar nauyin shirin tana da ƙa'ida, ba ta karɓar aikin da aka gina kan bayanan da aka samo ba da yardar masu su ba. Amma ba za ta saurari ƙorafin ɗaliba a kan mutum kamar Zailani ba. Sai dai idan kwamitin ɗa'ar bincike na jami'a ya rubuta mata a hukumance. Kwamitin kuma ba zai rubuta ba sai an kai masa rahoton yadda bayanan suka fita.

"Ba sace su ya yi daga kwamfutarki ba, Mufeeda. Ke kika buga kika kai masa. Rahoton a kanki zai fara."

"Me za su yi mini?"

"Mafi sauƙi, su cire babin su ɗage viva. Mafi muni, su dakatar da ke, kuma kin san visarki a kan karatun take." Farfesa ta dube ta. "Saura mako biyar ki gama. Idan kika fita daga ɗakin nan ba ki ce komai ba, ni ma dole in kai rahoto, tunda na ji. Amma in daga bakinki ya fito, da yau, zai fi sauri. Kwana takwas suka rage a sa hannu."

Mufeeda ta tuna shekara huɗu na sanyi da ɗakin karatu, da katin gayyatar walima da ƙannenta suka riga suka fara zanawa a Yawuri. Ta ce a ba ta fom ɗin.

Akwai wani gurbi da aka ce a bayyana dalilin da ya sa aka saɓa ƙa'ida. Ta daɗe tana kallonsa. Yaya za ta gaya wa Turawa biyar a bayan tebur cewa kunya ce ta hana ta kai wa uba kwafi gutsure? Daga ƙarshe ta rubuta shi yadda yake, layi uku, ba ta nemi uzuri ba.

Kwamitin ya zauna ranar Alhamis. Suka yi mata tambayoyi na awa ɗaya da rabi, cikin ladabi mai sanyi. Ɗayansu ya tambaye ta ko Dakta Zailani ya tilasta mata. Ta ce a'a, ko tambaya bai yi ba, ita ta kai. Ranar Juma'a wasiƙarsu ta isa gidauniyar. Ranar Litinin gidauniyar ta dakatar da shirin har sai an yi bincike, ma'aikatar kuma ta ɗage sa hannu. Ita kuwa aka cire babi na biyar da na shida daga kundinta, aka ɗage viva da shekara guda, aka sa mata gargaɗi a fayil. Zancen visa, aka ce ta je ofishin ɗalibai 'yan waje su duba.

Dakta Zailani bai kira ba. An cire ta daga group ɗin 'yan Arewa na gabashin London ba tare da ko kalma ba. Abba ya daina ɗaukar wayarta, sai Umma ce ke turo saƙon murya a ɓoye tana cewa ta yi ta addu'a.

Adiza ta dawo daga aiki da ledar kifi ta ce, "To, ka ci nasara. Me ya sa ka zauna kaman an kore ka daga biki?"

"Saura Bi Mwajuma. Ba ta san komai ba."

"Dole ka gaya mishi? An tsayar da abin ai."

"Dole."

Bi Mwajuma ba ta da waya. Sai an kira mai shagon da ke bakin masallaci, ya aika a kira ta. Ranar Laraba da hantsi Mufeeda ta zauna a bakin gadonta, ta kira, ta jira minti ashirin, ta sake kira. Muryar tsohuwar ta zo da ƙarar iska a bayanta.

"'Yata ta London! Kin zama likitan kifin?"

"Ban zama ba tukuna, Mama. Ki matsa inda ba mutane, ina da magana."

Ta ji takun tsohuwar a kan yashi. Sannan ta faɗa mata duka da Swahilinta da ya fara tsatsa: kwafi biyun, turaren, addu'ar, allon bangon, kwamitin. Ba ta ɗora wa Zailani fiye da nasa ba, ba ta rage nata ba. Ta ƙare da cewa an tsayar da shirin, ba za a rufe musu fili ba, aƙalla ba bana ba.



"Ashe ke ce," in ji Bi Mwajuma.

"Mama?"

"Wancan watan da ya cika, wani farin jirgi ya zo ya tsaya a kan wurin daidai, kamar an kira shi. Mutane shida suka shiga ruwa da baƙaƙen kaya. Samarinmu suna bakin teku suna kallo. Washegari kwalekwale huɗu suka fita su ga abin da Turawa ke nema a can. Sun gani." Ta yi tari. "Mu bakwai muka zauna muna duban juna. Mwanahawa ta ce surukar Bi Tatu ce. Bi Tatu ta yi rantsuwa, ta yi kuka. Mako uku ke nan ba sa gaisawa. Ba wadda ta kawo sunanki, ko sau ɗaya."

Mufeeda ta toshe bakinta da hannu.

"Kin yi kyau da kika kira. Yau zan je in cire wa Bi Tatu wannan kayan daga kanta."

"Mama, zan zo. Zan tsaya gaban su duka in faɗa da bakina. Za mu iya rubuta wa ma'aikata a ba ku wurin a hukumance, da sunanku, akwai hanyar da..."

"Kada ki zo bana."

"Mama, don Allah."

"Ban ce kin zama maƙiyiya ba. Wanda kika kai wa, babanki ne, na gane. Ni ma da ubana na raye da ban ɓoye masa ba, shi ya sa uwata ba ta nuna mini wurin ba sai da ya rasu." Iska ta ɗauke wasu kalmomin, sannan muryar ta dawo. "Yanzu maza sun sani, dole mu zauna da su mu roƙe su. Wata zai sake cika nan da kwana goma sha ɗaya. Ban san ko za su ji ba. Wannan aikinmu ne, ba naki ba."

"Me zan yi, Mama? Ki gaya mini ko mene ne."

"Akwai wata yarinya da ta rubuto daga wata jami'a, tana so ta zo ta zauna da mu kamar ke. Malamin makaranta ya karanta mana takardar. In kin san ta, ki gaya mata ta zo, za mu ba ta shayi, mu nuna mata bakin teku. Mai shago yana son wayarsa."

Layin ya yanke.

Mufeeda ta san yarinyar. Ita da kanta ta ba ta sunan Bi Mwajuma a wani taro bara, ta ce mata babu mutane masu buɗaɗɗiyar zuciya kamar matan Shungini. Ta jawo kwamfuta ta nemo adireshinta, ta rubuta gaisuwa, sannan ta tsaya da yatsu a kan maɓallan tana neman yadda za ta fara.